Fuskar Malam Habu a Bango

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin zane a gwamnati, kuma ranaku da yawa sun riga sun zube daga kaina. Amma har gobe ban manta da wata safiyar Litinin ba, cikin daminar 1979, da wani mutum ya yi sallama a ƙofar ofishinmu na Wudil riƙe da fosta a naɗe kamar tabarma. Tunda kun matsa sai na ba ku labarin aiki, ku da kuke zane yanzu da ɗan yatsa a kan gilashi, to wannan zan ba ku, ko da yake ba abin alfahari ba ne a gare ni.

Bari in fara da yadda aikin yake, don kada in bar ku a baya. Sashenmu na wayar da kan manoma ne. A ɗakin zane mu biyu ne kacal: ni Isa, mataimakin mai zane a mataki na huɗu, ina ɗan shekara ashirin da biyu, sai shugabana Malam Garba, wanda ya daɗe yana yawo da motar majigi ƙauye-ƙauye kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Ɗakin a bayan ofis yake, da taga ɗaya mai kallon hanyar kogi. Da safe warin fenti da kananzir muke shaƙa. In hantsi ya yi kuma, iska ta kawo mana ƙanshin soyayyen kifi daga bakin gada, sai Malam Garba ya ajiye biro ya ce, "Isa, aikin gwamnati ba ya gudu, amma kifi yana hucewa." Wallahi har yau in na ji warin kananzir sai ɗakin nan ya faɗo mini a rai, kewarsa ta kama ni.

In za a yi fosta, takarda ce za ta zo daga Kano cewa a faɗakar da manoma a kan abu kaza. Sai in zana da fensir, Malam Garba ya duba ya sa hannu a ƙasa, a sa a fayil a aika. In fayil ya dawo da jan biro an amince, sai in kwafe zanen a takarda mai kauri, in bi shi da reza in yanke, mu ɗora a firam ɗin siliki, mu zuba fenti mu ja da roba. Launi ɗaya-ɗaya ake bugawa, kore yau, baƙi gobe, a shanya a igiya kamar wanki. Daga nan malaman gona su zo su ɗaure a bayan kekunansu, kowa ya kai ƙauyukansa, ya dama sitaci ya liƙa a bango.

Tsarin fostar kuwa tun zamanin majigi ɗaya ne: mutum biyu ake nunawa, mai himma a dama, rago a hagu. Gonar mai himma shar, ta rago ciyawa ta shanye. Yawancin manomanmu a lokacin ba su karanta boko, don haka rubutun ƙasa ado ne kawai, hoton shi ne maganar. Malam Garba ya sha gaya mini yadda a da ake kawo musu fostoci daga nesa, da mutane masu riƙe da fartanya kamar tsintsiya, manoma su leƙa su ce, "Wannan ba da mu ake ba," su wuce. Shi ya sa ya kafa mini doka. Kowace Juma'a, ranar kasuwa, in ɗauki littafin zane in shiga cikin mutane in ɗebo fuskoki. Amma dokar tana da wutsiya. Ya ce, "Ka ɗauki hancin wannan, ka haɗa da idon wancan, ka ara gemun wani. Mutumin da zai hau bango ya zama kowa ya san irinsa, amma babu wanda ya san shi." Na ce na ji.

Wata Juma'a cikin bazara, bayan an sauko daga masallaci, na ga wani magidanci a gefen kara, inda ake sayar da shanu, ƙarƙashin tsamiya, ya jingina da mangalar jakinsa barci ya kwashe shi. Malafarsa tana kan gwiwa, bakinsa a ɗan buɗe har ana ganin wushiryarsa, ga wani tsohon tabo da ya raba girarsa ta hagu biyu. Na tsuguna na zana shi. Ban taɓa yin zanen da ya yi mini kyau kamar wannan ba, kai ka ce numfashi zai yi. Da takarda ta zo cewa a yi fosta a kan yin noma da wuri kafin ciyawa ta yi ƙarfi, sai na buɗe littafina na dubi mutumin nan, na ji ba zan iya lalata shi da hancin wani ba. Hularsa kawai na sauya. Na kwantar da shi a gindin bishiya a hagu, na kewaye shi da gero da ciyawa ta shaƙe.

Malam Garba ya ɗaga takardar ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kai, hannunka ya faɗa. Ka dai haɗa ko?"

Na ce, "Na haɗa, Malam."

Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya nake yi. Yabon ne ya yi mini daɗi.

Ku tuna shekarar ce sojoji suke shirin miƙa mulki ga farar hula. Ba a taɓa kallon bango ba kamar wannan shekara. Ko'ina fuskokin 'yan takara ne da alamomin jam'iyyu, ana ta bin mutane ana koya musu su riƙe hoto a ka, don ranar zaɓe su gane inda za su dangwala. Mutumin ƙauye ya koyi cewa fuskar da ta hau bango ba da wasa ta hau ba, manya ne suka sa ta. A cikin wannan yanayi fostarmu ta fita, ta shiga Indabo, ta shiga Ɗankaza, ta shiga Lajawa da ƙauyukan da ke kewaye. Malaman gona suka riƙa dawowa suna cewa ba a taɓa fostar da ta tara mutane kamarta ba. Ni kuwa kaina ya kumbura, har tafiyata ta sauya.

To, ranar Litinin ɗin da nake gaya muku, ina wanke firam sai na ji sallama. Mutum ne dogo, da malafa ta rufe rabin fuskarsa, ƙafafunsa duk taɓo. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa, bai bar komai ba. Malam Garba ya nuna masa benci, ya ce a'a, a tsaye ma ya isa. Sai ya warware fostar a kan teburina, ya danne gefe da gefe da tafukansa.

Ya ce, "An ce mini a nan ake yin wannan. Wa ya yi?"

Na yi wuf na ce, "Ni ne, Baba." Wallahi na ɗauka yabo ya kawo.

Sai ya cire malafar. Ga tabon a gira. Ga komai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam Garba ya dubi mutumin, ya dubi fostar, sannan ya juyo ya yi mini wani kallo da har yau nake jin nauyinsa.

Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sunana Habu, daga ƙasar Lajawa nake. Samari, fuska dai ba ka yi mini ƙarya ba, tawa ce. Barcin ma na yi shi, ranar tun kafin asuba nake jidar taki zuwa gonaki biyu, sannan na taho kasuwa. Abin da na zo tambaya ɗaya ne." Ya ɗora yatsa a kan ciyawar da na zana. "Wannan gonar ta wace ce? A ina ka gan ta?"

Malam Garba ne ya lallashe shi ya zauna, ya sa aka kawo ruwa, a hankali labarin ya fito. Wansa ya rasu bara ya bar iyali, shi yake nome tasa gonar ya nome ta marayu. Tun tasowarsa in ya kira gayya garin kan fito kaf, don shi ma bai taɓa jin gangar gayyar wani ya zauna a gida ba. Amma tunda aka liƙa fostar, sunansa ya koma Na-Barci. Da farko abokan wasa ne, daga baya kowa. Makon jiya ya kira gayyar maimai a gonar marayun, ya sa aka dama fura, aka yi tuwo, mutum huɗu suka zo, su ma 'yan uwa. Sauran sun aiko cewa ba za su yi wa mutum noma yana gindin bishiya ba. Ga ciyawa tana cin geron, ga azumi ya ƙarato, in ya kama babu mai iya gayya.

Ya ce, "Ba gonar ce ta fi damuna ba, Malam. Ko da hannu ɗaya zan yi abin da zan iya. Shekara arba'in da wani abu ina tara sunana a garin nan. Shi nake so a mayar mini."

Bayan ya fita ya jira a inuwa, Malam Garba ya rufe ƙofa. Na shirya jin zagi, amma bai zage ni ba, abin da ya fi zagin ciwo. Ya ce janye fosta ba a hannunmu yake ba. Sai an rubuta Kano, a buɗe fayil, a jira amsa, kuma a wannan watan kowa hankalinsa yana kan zaɓe, kafin a amsa an yi girbi. Ya ce su can abin da za su tambaya ɗaya ne: an rubuta sunansa? Tunda ba a rubuta ba, a takarda babu laifi. Sannan ya ce, "A takarda ke nan. Jibi ka shirya fentinka, za mu je."

Ranar Laraba muka hau babur ɗin ofis, shi yana tuƙi da ƙafarsa mai ciwo, ni a baya rungume da kwalin fenti da buroshi. Na tuna hanyar nan kamar jiya: gero ya kai gwiwa, ƙasa tana ƙanshin ruwan daren jiya, mata masu tallan nono suna ratsewa suna ba mu hanya. Muka sauka a ƙofar mai unguwa, muka zube muka yi gaisuwa. Malam Garba ya faɗi abin da ya kawo mu, mai unguwa ya sa aka kira magidanta bayan azahar. Fostar tana nan liƙe a bangon da ke kallon dandali, kusa da rumfar wanzami. Malam Habu ya zo ya zauna can gefe, shi kaɗai.

Aka ce in yi bayani. Na miƙe na faɗi gaskiya tsakanina da Allah: a kasuwa na gan shi, ban san shi ba, ban taɓa ganin gonarsa ba, ciyawar nan daga kaina na ƙirƙiro ta. Na zata da na gama magana shi ke nan. Sai na ga ana kallona ana kallon bango, kuma bangon aka fi kallo.

Wani dattijo mai carbi ya gyara murya ya ce, "Yaro, mun ji ka. Mu ma mun san Habu, a gabanmu ya girma, ba mu san shi da lalaci ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Mutane nawa ne a ƙasar nan? Me ya sa hukuma ta tsallake kowa ta ɗauko shi? Wataƙila akwai abin da ta gani da mu ba mu gani ba."

Wani daga baya ya ce, "Gani ai ya kori ji. Ga shi nan kwance."

Wannan magana ta girgiza ni. Mutanen nan kullum suna wucewa ta gonarsa, da idonsu suna ganin kunyoyinsa. Amma takardar da na yanka da reza a bayan ofis ta fi idon nasu ƙarfi a wurinsu. Na ce to a yage ta. Mai unguwa ya girgiza kai. Ya ce in an yage za a ce Habu ya je birni ya yi kamun ƙafa ne. Ban da haka, ba ita kaɗai ba ce. Malamin gona ya bar wasu, mutane sun ɗauka sun kai ɗakunansu sun liƙa don ado, saboda launinta ya yi kyau.

Sai dabara ta zo mini, na kuwa ji daɗin kaina. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga fenti na zo da shi. Bari in mayar da fuskar Malam Habu kan mai himma, kowa ya gan shi a tsaye da fartanya."

Wasu suka ce haka ya yi. Amma Malam Habu ya ɗago kai. Ya ce, "Samari, jiya ka kwantar da ni ban sani ba, yau za ka tsayar da ni ban roƙa ba. Ni ba na son hawa bango, ko a tsaye ko a kwance. Sannan in ka ɗauke ni daga gindin bishiyar, wa za ka kwantar a wurin? Ɗan wa?"

Sai na ji Malam Garba yana 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda yakan yi in ya hango abin da ban hango ba. Ya ce, "Isa, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa." Ya juya wajen rumfa ya ce, "Wanzam, don Allah ara mana madubinka."

Kun dai ga kunnuwana. To a lokacin ina siriri, sun fi haka fitowa, ga dogon wuya, ga wani ɗan gemu da bai fi gashi goma ba da nake ta tattali. Wanzamin ya zo ya tsaya a gefen bango riƙe da madubi. Malam Garba ya ce wa jama'a su matso, kowa ya buɗe idonsa da kyau. Na tsoma buroshi a farin fenti, na shafa a fuskar mai barci. Shafa uku, Malam Habu ya ɓace. Wata tsohuwa da ke leƙe ta kan katanga ta yi salati da ƙarfi ta ce, "Ya shafe shi!"

Dole a jira fenti ya sha iska, kuma ban taɓa jin jira mai tsawo irin wannan ba. Mutum yana kwance a bango ba fuska, gari guda yana kallonsa. Da ya bushe na ɗauki baƙi, na leƙa madubi, na ja layin haɓa. Na leƙa, na ja hanci. Da na zo kan kunnuwa na ce a raina, in za a sha kunya a sha ta gaba ɗaya, na zana su yadda Allah ya yi su, ban rage komai ba. Ban gama na biyun ba wani ya fashe da dariya, sai dandali ya ɗauka. Wanzami yana dariya har madubi yana rawa, ina ce masa ya tsaya. Na ɗiga gashin gemuna ɗaya-ɗaya, ana ƙirgawa da ƙarfi.

Dattijon nan mai carbi ya taso ya zo dab da bango. Ya dube ni, ya dubi zanen, ya sa yatsa ya taɓa, fenti ya ɗan kama shi. Ya daɗe yana kallon yatsan. Ya ce, "Ashe hannu ne kawai. To yaro, ashe ko ni in ka so sai ka kwantar?"

Malam Garba ya ce, "Ko mai unguwa, Baba, in ya yi gyangyaɗi a kasuwa."

Mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, a'a! A bar ta a kan mai kunnuwan nan, ta dace da shi."

Aka sake kwashewa da dariya. Dattijon bai yi dariya ba. Ya juya ya taka har inda Malam Habu yake zaune, ya miƙa masa hannu ya ce, "Habu, mun ɗauki alhakinka. Yaushe ne gayyar?" Malam Habu ya ce Asabar, in Allah ya kai mu. Ya faɗa a hankali, yana kallon ƙasa.

Kafin la'asar mutane sun shiga gidaje suna ɓanɓaro nasu fostocin suna kawowa, na zauna a kan turmi ina shafewa ina zana kaina, har na daina buƙatar madubi. Da muka koma ofis Malam Garba ya ba ni takardar tuhuma, don ƙa'ida ce, na amsa a rubuce, ta shiga fayil ɗina ta zauna har na yi ritaya. Sannan ya ba ni keken ofis ya ce duk bangon da fostar ta hau sai na je. Mako biyu na yi ina zagaye. A Indabo da Ɗankaza ba su ma san Malam Habu ba, amma Malam Garba ya ce ba ruwansa, ranar kasuwa za su gan shi.

Ranar Asabar kuwa na je gayyar, ba wanda ya aike ni. Tun daga nesa na jiyo ganga. Gonar marayu ta cika da mutane, an jera kafaɗa da kafaɗa, ƙasa tana tashi, makaɗi yana bin bayansu yana kirari. Malam Habu yana kan gaba, babu mai kamo shi. Aka miƙo mini fartanya. Ni ɗan cikin gari, alli da fensir na sani. Ban kai rabin kunya ba tafukana suka yi bororo, bayana ya riƙe, idona ya fara ganin duhu-duhu. Na lallaɓa na je gindin wata bishiya na jingina, wai in ɗan huta. Sai na ji ganga ta tsaya. Na buɗe ido, gaba ɗaya gayyar ta juyo tana kallona. Wani ya yi ihu, "Jama'a, ga hoto ya tabbata!" Ranar na ga Malam Habu yana dariya har da riƙe ciki, karo na farko. Shi da kansa ya kawo mini fura a ƙwarya, ya ce, "Sha, ɗana. Kowa da gonarsa." Kafin azahar an gama gonar tas.

Daga nan muka ƙulla zumunci. Duk Juma'a in ya shigo kasuwa sai ya ɗaure jakinsa a bayan ofis, ya leƙo ta taga mu gaisa, wani lokaci da ɗan damin rake ko gyaɗa. Shi da Malam Garba su zauna a benci su yi ta hirar damina, ni ina yanka da reza ina saurare. Bai taɓa yarda na sake zana shi ba. In ya ga na ɗauki fensir sai ya ja malafa ya rufe fuska ya ce, "In ka ga ina gyangyaɗi, tashe ni za ka yi." A Wudil kuwa ni na gaji tsiyar. Masu kifi a bakin gada suna hango ni za su ce, "Malam Isa, an tashi?" Ban taɓa jin haushi ba. Kwanaki ne masu daɗi, kuma da za a mayar da ni cikinsu da na koma da gudu. Na ɗauka magana ta ƙare, na biya abin da na ɓata.

Bayan 'yan shekaru aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kano. Malam Garba ya yi ritaya, daga baya Allah ya yi masa rasuwa. Zumunci ya koma saƙon gaisuwa, saƙon ma ya yi ta raguwa, laifina ne. Sai a shekarar da sojoji suka sake miƙa mulki, shekara ashirin cif bayan wancan lamari, wani tsohon malamin gona ya gaya mini Malam Habu ya rasu. Na shirya na tafi ta'aziyya. Garin ya sauya mini, gidaje sun ƙaru, dandalin ma ban gane shi ba. Na tsaya wajen wasu samari masu acaɓa a bakin hanya, muka gaisa, na ce su nuna mini gidan Malam Habu da ya rasu.

Suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Baba, anya nan garin ne? Ba a yi rasuwar wani Habu ba. Baba Na-Barci dai muka rasa."

Na ce, "Shi nake nufi."

Wanda ya ɗauke ni a babur, muna tafe na tambaye shi me ya sa ake kiransa haka. Ya ce, "Oho, wallahi haka muka taso muka ji. Abin ma da ban mamaki, mutumin da kullum shi yake fara isa gona." Babu raini a bakinsa ko kaɗan. Suna ne kawai, shi ya sani. Na yi ta'aziyya, na yi addu'a, 'ya'yansa suka karɓe ni hannu bibbiyu don sun san ni. Ban iya cin abincin da suka kawo ba.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Mutanenmu ba wawaye ba ne, in ka nuna musu yadda aka yi abu za su gane, su ba da haƙuri, su fito gayya. Amma abin da ido ya fara gani yana da wuyar fita, ko an shafe shi a bango. Shi ya sa in kun kawo mini aikinku nake tsare ku da tambaya: fuskar wa ce wannan, ya sani, ya yarda? Na san kuna cewa tsohon nan ya cika mita. Ku yi ta faɗa. Zanen nan bai ɗauke ni rabin awa ba. Malam Habu shekara ashirin ya yi yana amsa sunan, duk Juma'ar da ya leƙo ta tagata kuma bai taɓa gaya mini ba.